Surukina da Kwamfutocinsa Marasa Rumbu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Baba, mahaifin maigidana, ya rasu wata Talata da hantsi a gidansa da ke Gumel, bayan ya sha jinya ta wasu watanni. Ban taɓa kama sunansa da bakina ba yana raye, ba kuwa zan fara da alƙalami ba yanzu da yake kwance. Baba nake ce masa. Shi kuma har ya koma ga Mahaliccinsa Amarya yake ce mini, alhali 'yata ta fari ta kusa gama sakandare.

A zaman makoki maza suna waje a kan tabarmi, mu muna ciki tare da Inna, matarsa. Abin da aka faɗa a waje maigidana ne yake kawo mini. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo daga Gagarawa, inda ya yi shekaru yana buga takardu kafin ya yi ritaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce idan Baba ya hau tafireta sai ka ce ruwan sama ne a kan rufin kwano. Sai kuma wani mai sayar da tsofaffin kwamfutoci a Maigatari, wanda ya zo a kan babur, ya zauna ya yi addu'a, ya shafa, ya ce, "Wallahi mutumin nan ya sha ɓata mini ciniki. A gaban mai saye zai ce wannan ba ta da kirki, kada ka ɗauka. Na yi fushi da shi ya fi a ƙirga." Daga nan ya sa hannun riga ya rufe fuska.

A ciki kuwa mata ne suka yi ta shigowa waɗanda dangin nesa ba su sani ba. Gwaggon maigidana, wadda ta zo daga Sule Tankarkar, ta kasa haƙuri ta taɓa Inna.

"Waɗannan kuma dangin wa ne?"

"'Yan makarantarsa ne," in ji Inna.

"Yayan nawa ne ya zama malami da tsufansa? Wane littafi yake biya musu?"

"Kwamfuta."

Gwaggo ta riƙe baki. "Ikon Allah. Mutumin da ko rediyon gidanmu ba a bari ya taɓa don kada ya kwance ta."

Har Inna sai da ta yi murmushi cikin hawaye. A wannan zaman ne maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Amarya, yanzu ajin namu fa?" Kwamfutoci huɗun da muke koyo a kansu suna zaure a rufe da zani tun da ya kwanta, kuma daga sa'ar da ransa ya fita sun zama kayan gado.

Bari in faɗi yadda ajin ya samo asali, don wanda bai sani ba.

Da Baba ya yi ritaya, hannunsa ya ƙi zama. Ya sayi wata tsohuwar kwamfutar hannu ta gwanjo, ba a yi nisa ba rumbunta na ciki, wato inda take ajiye komai, ya mutu. Wata malama mai bautar ƙasa da ta yi haya kusa da mu ita ta nuna masa cewa ba sai an jefar ba. Ta kawo ɗan filashi, ta soka a gefe, ta kunna, kwamfutar ta tashi daga cikin filashin kamar ba abin da ya same ta. Ta ce masa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ce gaba ɗaya a ciki, ana ce mata Linuks, kuma waɗanda suka yi ta sun sake ta ga kowa: ka ɗauka, ka gyara, ka ba wani, ba a ce ka saya ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama zuciyar Baba. Ya yi ta maimaita ta. Ya ce, "Ashe akwai masu haƙa rijiya a bakin hanya a can ma." Bai ƙara kiranta da sunan Turanci ba. Ta Sadaka yake ce mata, mu ma haka muka tashi muna faɗa.

Malamar ta gama ta tafi, shi ya ci gaba. Ya gano ƙananan filashi ba sa jure aikin kullum, suna zafi su mutu. Sai ya koma sayen rumbunan da aka ciro daga kwamfutocin da suka fashe, ya sa kowanne a ɗan gida na roba mai igiya, girmansa bai wuce sabulun wanka ba, ya zuba Ta Sadaka a ciki. Shi yake kira rumbun waje. Su kuwa kwamfutocin, duk wadda ya saya sai ya kwance ta ya cire mata rumbun ciki, ko da lafiyarsa ƙalau.

Na taɓa tambayarsa dalili, ina durƙushe na kawo masa kunu.

Ya ce, "Amarya, in kin je unguwa, kina barin jakarki a ɗakin mutane ki dawo gida?"

Na ce a'a.

"To. Kwamfutar nan ɗakin aro ce. Kowace mace ta zo da kayanta, ta yi aikinta, ta tafi da kayanta. Sirrin mace ba ya kwana a zaurena."

Ni ce ɗalibarsa ta farko, kuma ba da son raina ba, kunya nake ji. Ina ganin ta yaya zan zauna kusa da surukina muna kallon abu ɗaya. Shi ya warware matsalar da kansa. Ya ajiye kwamfutar a bakin ƙofar zaure ta ciki, ya koma can gefe ya juya mini baya rabi, yana faɗa ina dannawa. "Kin ga wani ɗan maɓalli a sama? Da kin kunna, ki yi ta danna shi kamar kina ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Za ta tambaye ki daga ina za ta tashi. Ki nuna mata naki." Ranar da na buga sunan 'yata da ƙa mai lanƙwasa, wadda ko a makaranta ban taɓa ganin inji ya fitar ba, sai da na tashi na yi raka'a biyu. Shi ya saita mana madannan suka iya ɓa da ɗa da ƙa. Ya ce ba zai mutu ya bar mu muna rubuta Hausa da guntun harshe ba.

Daga ni sai Maman 'Yan Biyu, daga ita sai mai ɗinki ta bayan layi, sai malamar Islamiyya da ke son buga wa yara tambayoyin jarrabawa, sai 'yan mata masu shirin jarrabawar da ake yi a kwamfuta. Har da wata matar makiyaya daga wajen Gagarawa da ke kawo mana nono, wadda ta fara da leƙe ta ƙare da rumbunta. Duk wadda ta yi 'yan makonni ya ga da gaske take, sai ya miƙa mata rumbu hannu da hannu ya ce, "Na ba ki, halak malak." Mai ɗinki ta ɗinka mana 'yan jakunkuna da ragowar atamfa. In ka ga mace a layinmu bayan la'asar da 'yar jaka a ƙarƙashin hijabi, ka san inda ta nufa.

Doka ɗaya gare shi da ba ya wasa da ita: ba a zare igiya sai an kashe kwamfuta ta gama mutuwa. Yakan ce, "Ba a fita gidan mutane ba sallama." Wata rana Maman 'Yan Biyu tana tsakiyar aiki ta jiyo ƙaurin miyarta daga ƙetaren katanga. Ta fizge rumbun ta ruga. Washegari ya ƙi tashi. Ta zauna tana kuka, don hotunan mahaifiyarta da ta rasu suna ciki. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Miyar dai ta tsira?" Ta ce ta ƙone. Ya ce, "Kai, an yi biyu babu." Ya karɓi rumbun, ya yi yini biyu a kansa, ya soka shi a jikin nasa yana lallaɓawa, har ya fito mata da hotunan. Da ya mayar mata sai ya haɗa da ƙullin kuka da daddawa daga ɗakin Inna, wai diyyar miya.

Ranar kasuwar Maigatari kuwa ranar aikinsa ce. Yakan sa filashi a aljihun gaba, ya hau motar haya. Ba ya sayen kwamfuta sai ya soka filashinsa ya ga ta tashi, ya gwada sauti, ya gwada ko tana kama intanet, ya danna madannai ɗaya bayan ɗaya. Ya raba su gida-gida kamar mutane. Akwai mai karɓar baƙi, wadda da an soka take tashi. Akwai mai nazari, wadda sai an shiga cikin saitinta an zare mata sakata. Akwai mai rowa, wadda za ta tashi amma ta hana intanet ko ta yi gum ba sauti. Waɗanda suka tsufa ƙwarai yakan ce tuwo ya fi ƙarfin haƙoransu, sai ya nemo musu Ta Sadaka mara nauyi, wadda ya kira kunu. Na ƙetaren iyaka kuma, masu zuwa daga Damagaram, haruffansu a jirkice suke irin na Faransa. Ba ya ƙin su. Yakan ce baƙo ne da yarensa, a koya masa namu.

Ba zan ɓoye ba, Baba yana da taurin kai, kuma ya taɓa jawo rigima a gidan. Yaya, babban wan maigidana, yana harkar fiton kaya a Maigatari. Ya zo da sabuwar kwamfuta ya ce Baba ya sa masa irin manhajar da kowa ke amfani da ita, ga ta ma wani yaro ya kwafo masa.

Baba ya juya filashin a hannu ya ce, "Ka saya?"

"Baba, wa yake saye? Kowa haka yake yi."

"Masu ita sun yafe?"

"Suna can ƙasarsu, ina suka san da mu?"

"Wanda ya san da mu ya san da mu. Ga Ta Sadaka in ba ka, halal ɗinka."

Yaya ya ce shi aiki zai yi, ba wasan yara da mata ba. Ya ɗauki kayansa ya fita, bai ko tsaya ya ga yadda abin yake ba. Sun yi wata guda gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Inna ce ta yi ta shiga tana fita har suka daidaita, amma ba su ƙara tayar da zancen kwamfuta ba.

To, bayan an share makoki an natsu, aka sa ranar rabon gado. Kafin ranar, Yaya ya kawo wani mai gyaran waya ya duba kayan zaure don a yi musu ƙiyasi. Ina daga cikin gida ina jin su. Mutumin ya kunna ta farko, fuskarta ta yi baƙi da ɗan rubutu a sama. Ta biyu haka, har ta huɗu. Ya ce, "Alhaji, ni dai waya na sani, amma waɗannan ba sa tashi. Zaman da suka yi cikin zafin nan ne ya kashe su. Sai dai 'yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa." Yaya ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah Ya jiƙan tsoho, a rubuta su cikin tarkace.

Labari bai kwana ba ya kai ga Maman 'Yan Biyu. Ta shigo ina tankaɗe, ko zama ba ta yi ba.

"Amarya, Allah Ya rufa mana asiri. Ki ja bakinki ki yi shiru. Ki ce wa maigidanki ya karɓe su cikin rabonsa a kuɗin tarkace. Huɗun duka su dawo mana, aji ya ci gaba."

Na ce, "Amma ai ba matattu ba ne."

"Ke aka tambaya? Ƙarya kika yi? Wani ne ya faɗa, su suka yarda. Kuma don Allah, da Baba zai tashi yanzu, me zai fi so? A kai su kasuwa, ko mu ci gaba?"

Na san amsar wannan tambayar. Ajin nan shi ne ransa. Ni ma kuma, in faɗi gaskiya, shi ne abin da nake da shi wanda ba girki ba, ba wanki ba. Na yi ta juya maganar ina aiki. Amma duk inda na juya sai in ci karo da Auta, ƙanwar maigidana, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara a Sule Tankarkar, tana sayar da ƙuli-ƙuli tana ciyar da su. Duk abin da aka rage wa kayan nan na daraja, har da bakin yaranta aka rage. Baba ya ba mu rumbuna da bakinsa da hannunsa, waɗannan namu ne. Kwamfutocin kuwa bai taɓa cewa ya bayar ba.

Na faɗa wa maigidana bayan ya ci abinci. Shi mutumin hatsi ne, kullum yana hanyar Gagarawa, bai taɓa kula da abin da muke yi a zaure ba. Ya ce, "Kin san in kika nuna, sayar da su za a yi?" Na ce na sani. Ya ce, "To ki shirya, ni ba zan iya bayaninsa ba. Da bakinki za ki yi."

Ranar rabo, malamin da ke raba gado ya zauna a zaure da 'ya'yan Baba maza, Auta da sauran mata suna bakin ƙofar ciki, Inna tana bayan labule saboda takaba. Da aka zo kan tarkace, maigidana ya ce iyalinsa tana da magana. Ban taɓa buɗe baki a gaban taron maza irin wannan ba. Na ja hijabi, na durƙusa, na gaishe su.

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, kwamfutocin nan lafiyarsu ƙalau. Baba ne ya cire musu rumbu da gangan."

Malam ya ce, "To, 'yata, a gado ba a aiki da zato. Za ki iya nuna mana?"

Na ciro rumbuna daga jakarsa, na soka, na kunna, na yi ta danna maɓallin nan. Garin sauri na wuce wurin, sai da na kashe na sake. A karo na biyu ta tambaya, na nuna mata, fuskarta ta yi haske. Na kashe ta yadda ya kamata, na koma kan ta biyu. Ita ce mai nazari, ta ɗan ja rai, har wani ya fara gyaran murya, sannan ta tashi. Haka har huɗun.

Yaya ya matso ya daɗe yana kallo. Can ya ce, a hankali, "Amarya, wannan ce Ta Sadakar da ya so ya ba ni?"

Na ce, "Ita ce, Yaya."

Ya cire hularsa ya mayar.

Malam ya ɗage maganar kwamfutoci, ya ce a kira wanda ya san su. Aka kira mutumin nan na Maigatari. Ko kunnawa bai so yi ba, ya ce abin da Baba ya zaɓa da hannunsa ba ya buƙatar gwaji, ya yi musu kuɗi na mutunci, ya ce shi da kansa zai saya in ana sayarwa. Magada suka yi shawara, aka ce a sayar a raba, don ba yadda za a yanka kwamfuta gida-gida. Ina tsaye ina kallo aka fara naɗe igiyoyin caji. Maman 'Yan Biyu tana leƙe ta katanga, da muka haɗa ido ta kau da kai.

An ɗauki uku an kai bakin babur, sai muryar Inna ta fito daga bayan labule.

"Malam, ina da tambaya."

"Bismillah, Hajiya."

"Tumunin nan nawa da ake faɗa, dole sai kuɗi?"

"A'a. Kina iya ɗaukar kaya a bakin ƙimarsa, in magada sun yarda."

"To a bar mini waccan ta ƙarshen."

Auta ta ce, "Inna, me za ki yi da kwamfuta? Ko lambar waya sai an danna miki."

"Ke dai an ba ki naki? To ki bar ni da nawa."

Aka yi dariya, Yaya ne ya fara cewa ya yarda. Aka rubuta mata ita.

Yanzu kwamfuta ɗaya gare mu a maimakon huɗu. Layi ake bi, kowa da ɗan lokacinta, wata ran sai magariba ta kawo kai wata ba ta samu ba, ta koma da rumbunta a jaka ba ta buɗe shi ba. 'Yan mata biyu sun daina zuwa. Ni ce nake faɗa ana dannawa, kuma abin da ban sani ba ya fi wanda na sani yawa. Maman 'Yan Biyu ta yi makonni ba ta taka gidan ba. Ranar da ta dawo ba ta ce mini komai a kan abin da ya wuce ba, ta dai ajiye 'yar jakarta a layi ta ce, "Bayan mai nono ni ce, kada wata ta yi mini wayo." Auta kuma ta aiko mini da ƙuli-ƙuli cike da roba, ta ce ta sayi injin markaɗe.

A ranar farko da muka koma, na tura ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida don kada hayaniyarmu ta dami Inna, tunda tana takaba, ba ta fita, yini take a kan dardumarta da carbi. Ba mu jima ba na ji tana kirana. Na tashi da sauri na durƙusa a bakin ɗakinta.

Ta ce, "Wa ya rufe ƙofar nan?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Don kada ƙarar madannan ta hana ki lazimi."

Ta ce, "Tun ina amarya nake jin ƙarar nan, tun zamanin tafiretarsa, ba ta taɓa hana ni salla ba. Shirun ne yake hana ni. Je ki buɗe."

Na je na buɗe, na sa dutse na tokare ta.

Ya Allah, bawanka ya zo gare Ka, Kai ne mafi sanin abin da ya aikata. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanya duk harafin da wata mace ta koya a zaurensa cikin mizaninsa. Ka ba Inna haƙuri da lafiya. Mu da muka saura, Ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.